Shekarar da Motar Albasa Ta Tafi Ta Bar Ni

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwanakin da nake wannan rubutu a cikinsu. Ummi, ke da ƙaninki Sadiku, na san irin wannan rubutu tsofaffi ne ke yinsa, waɗanda furfura ta gama cin kansu, su zauna su warware wa jikoki abin da ya wuce. Ni ko talatin ban cika ba. Amma macen da ta taɓa kwanciya tana kallon fitilar ɗakin tiyata ba ta ƙara yarda ta ajiye magana sai ta tsufa. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro bai gama sakina ba. Sai dai abin da zan faɗa na tabbata da shi. A Fegge, unguwarmu ta nan ƙasar Ibo, za ku girma, Fegge kuwa ba ta mantuwa. Wata rana wata za ta ja ku gefe a gidan biki, ta rage murya, ta ce babanku ne ya kawo ciwon da ya cinye nonon uwarku. Ina so kafin wannan rana ta zo ku riga kun ji maganar daga bakina.

A shekarar muna ɗakuna biyun nan na bayan gida, kusa da famfo, inda ruwan sama ke shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa. Babanku yana rumfarsa ta albasa a Kasuwar Ose Okwodu, ya fita bayan asuba, ya dawo rigarsa da gashin kansa da numfashinsa duk albasa. Muna tare da Inna Kande, yayar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ta zo daga ƙauyenmu na bayan Wudil don ta yi mini wankan jegon Sadiku, sai matan unguwa suka riƙe ta, domin babu mai hannunta wajen gasa maijego da wankan jariri. Mijinta ya rasu, babu abin da ke jiranta a gida, ta zauna. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Ibo, amma takan shiga kasuwa ta yi ciniki da yatsu da harara ta fito da kayan da ni mai jin Turancin ba zan samu a haka ba. Ummi, a bayanta kika fi yin barci fiye da nawa.

Dole in gaya muku yadda kakarku ta rasu, wadda aka sa miki sunanta, Ummi, domin a nan tushen rigimar yake. Ciwon nono ne ya kashe ta, wanda mutanenmu ke kira daji. Ta ɓoye shi har ya fashe, har wari ya hana ta zama cikin mutane, sannan aka kai ta asibiti a Kano. Aka yi mata aiki, ba ta daɗe ba ta cika. Ba wanda ya ce an kai ta a makare. Abin da dangi suka ɗauka suka riƙe shi ne abin da aka saba faɗa tun kakanni: daji ba ya son ƙarfe. In allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu cikin jiki. Inna ce ta wanke gawar ƙanwarta, ta ga ɗinkin da idonta, kuma a wurin ta yi alkawarin ƙarfe ba zai taɓa ni ba matuƙar tana numfashi. Tun ina firamare nake jin wannan alkawari, kamar yadda yaro ke jin labarin ranar da aka haife shi.

Farkon shekarar na kai Sadiku riga-kafi, sai ma'aikatan jinya suka ce duk matar da ke so ta tsaya a duba mata bakin mahaifa. Na tsaya, don na yi sakandare, ina jin kunyar a ce ni ma na gudu. Da sakamako ya fito suka ce ina da wata ƙwayar cuta mai suna HPV. Matar ta kwantar mini da hankali. Ta ce ta hanyar kwanciyar aure ake samunta, mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, jiki yakan kore ta da kansa, amma wani lokaci takan jawo sankarar bakin mahaifa, don haka in riƙa dawowa ana dubawa. Na dawo gida na gaya wa babanku, na gaya wa Inna, don ba na ɓoye mata komai. Tana tankaɗen garin tuwo ta ce:

"Ƙwayar da ido ba ya gani, ita ma ai ba ta ganinmu. Miƙo mini rariyar can."

Aka yi dariya, magana ta wuce.

Da damina ta kankama, wata safiya ina wanka, hannuna ya faɗa kan wani abu a nonon hagu, ɗan tauri kamar ƙwayar gurjiya. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Na tsaya da soso a hannu har ruwan bokiti ya huce. Da na fito na kira Inna ɗaki na ɗora yatsunta a wurin. Na ga fuskarta ta sauya, irin sauyin da ban taɓa gani ba. Ta tashi ta tattara alluran ɗinkina ta ƙulle a gefen zaninta. Ta cire fil ɗin hijabina. Ta ɗauko rigar nonona mai waya a ƙasa ta farke ta zare wayar. Daga ranar ta hana ni riƙe wuƙa. Ku duba, matar mai albasa, a gidan da albasa ta fi ruwa yawa, ga ta an hana ta yanka albasa. Ta sa aka kira gida, aka aiko da sassaƙe da garin shafawa cikin motar da ke kawo wa su babanku kaya. Maganin ya iso yana warin albasa, na sha, na shafa, gurjiyar tana nan inda take.

Babanku bai raina maganin Inna ba, amma ya ce sai an je asibiti. Muka je. Likitar mace ce, Ibo, gajeriya mai tabarau, mai magana a hankali. Ta duba, ta sa aka ɗauki hoto, ta ce hoto kaɗai ba zai faɗi ko mene ne ba, sai an sa allura an ɗebo ɗan tsoka kaɗan an auna. Da muka dawo da wannan magana gidan ya kama da wuta. Babanku yana zaune bakin ƙofa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, don bai taɓa ɗaga wa Inna murya ba.

"Inna, ni abin da na sani ke nan a sana'ata," in ji shi. "Albasa takan yi kyau a waje alhali ta fara ruɓewa daga ciki. Ba mai sayen buhu sai ya zaro ɗaya ya yanka ya gani."

"Na ji, Malam Habu," in ji Inna. "Wadda aka yanka ɗin, ka taɓa ganin an mayar da ita buhu?"

Ya ce a yi masa haƙuri, amma matarsa ce, kuma ranar da likita ta sa za mu je. Inna ta san hakkinsa ne. Miji ne ke da iznin kai matarsa asibiti, ko uwar da ta haife ta ba ta tsallake wannan. Ta juya masa baya ta ci gaba da jiƙa sassaƙenta. Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da abin rubutawa.

Ana cikin haka aka yi suna a layinmu. Mata sun cika tsakar gida, ana ta rabon shinkafa, ana tsokanar maijego wai ta ƙi tashi daga gado don a ci gaba da ba ta kaji. Sai Hajiya Talatu mai atamfa, wadda wayarta ba ta taɓa yin shiru, ta ce kowa ya saurara, an turo wani saƙon murya mai muhimmanci. Ta ƙure ƙara. Muryar wata mata ce da ba wanda ya san ta. Ta yi sallama, ta yi salati, sannan ta ce likitocin Turai sun gano cewa ƙwayar HPV, wadda maza ke kwasowa a yawonsu su kawo wa matansu, ita ce ke hawa sama ta shiga nono ta zama daji. Ta ce duk wadda ta ji ta tura wa 'yan uwa mata. Wuri ya kaure.

"Ai ga shi nan! Su yi yawonsu, mu mu kwashe!"

"Ni dai nawa daga mayanka sai masallaci."

"Ke dai ce ba ki sani ba, ai tsakanin mayanka da masallaci akwai lungu!"

Aka fashe da shewa. Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga kai, sai idona ya faɗa cikin na Inna daga can ƙarshen tabarma. Matar da ba ta iya faɗin sunan layinmu daidai ba, ta riƙe waɗannan haruffa uku tun ranar tankaɗe.

Da yamma babanku ya dawo, na ajiye masa tuwo, ya wanke hannu ya kai loma ɗaya. Inna ta jawo kujerarta ta zauna a gabansa, abin da ba ta taɓa yi ba yana cin abinci. Ta faɗa masa abin da aka ji a gidan suna. Ta tuna masa ya yi wani aure a Enugu wanda ya mutu kafin ya san ni. Ta tuna masa tafiye-tafiyensa na kai kaya Fatakwal, inda yakan kwana a unguwar Borokiri. Ta ce ita yarinya ta ba shi, daga ɗakinta zuwa nasa.

"Ban ce ka yi abin da Allah Ya hana ba, wannan tsakaninka da Shi ne. Amma daga wurinka abin ya fito. Wanda ya kunna wuta ba shi ake tambaya yadda za a kashe ta ba. Ka ba ni 'yata in kai ta gida jinya."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ku sani, a wurinmu idan dangin mace suka nemi 'yarsu jinya, miji yana iya cewa a bari. Amma mijin da aka ɗora wa laifin ciwon ba shi da wannan baki, in ya hana sai a ce yana so ta mutu a hannunsa don asirinsa ya rufu. Ya ture kwanon a hankali ya ce:

"Inna, 'yarku ce. Duk abin da kuka yanke."

Shi ke nan, saƙon murya ɗaya ya ƙwace masa abin da gardama ba ta ƙwace ba. Kafin mako ya zagayo Inna ta shirya komai. Motar da ta sauke albasa za ta juya arewa da jarkokin manja, direban ɗan garinmu ne, ya ce zai ba mu gaban mota. Akwai wani mai magani a gaban ƙauyenmu da ake cewa yana tsotse daji da ganye, ba wuƙa ba allura. Ku kuma za a bar ku wurin Maman Chidi, maƙwabciyarmu mai sayar da busasshen kifi, wadda ta ce ko shekara za mu yi ta riƙe.

Ni fa a ina nake cikin duk wannan? Ina tsakiya, kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa ana cinikinta. Na ɗauki waya na yi ta bincike da ɗan Turancina na sakandare. Na ga rubuce-rubuce masu yawa, kuma kusan kowanne cewa yake mai yiwuwa ne akwai alaƙa, ana kan bincike. Na gane kalmomin sarai. Amma tsoro ba ya karanta "mai yiwuwa", tsallake ta yake yi. Na riƙa jin ƙwayar tana tafiya a jikina kamar kiyashi, daga mara zuwa ƙirji. Babanku kuwa ya daina haɗa ido da ni. Yakan shigo ya ajiye cefane ya fita ya zauna bakin famfo. Mutumin da ba ya shiga gida sai da waƙa a bakinsa, ya koma kamar baƙon da ya ci bashin kwana. Labari ya riga ya kai kasuwa, har wani cikin masu tattasai ya ce masa, wai da wasa, ya riƙa wanke hannu kafin ya taɓa musu kaya.

Ranar tafiya aka kai jakunkunanmu Ose da sassafe, Inna ta bi su don ta tsare mana wuri, aka ce mota sai bayan azahar in an gama lodin manja. Na rage ni da babanku a ɗaki. Na sa hijabi, na ɗauki jakar hannu, sai na koma na zauna a bakin gado. Abin da ya tsaya mini shi ne, an yanke hukunci a kan jikina da kan mutuncin mijina da bakin wata mata da ba mu san ko sunanta ba.

"Baban Ummi, ka kai ni wurin likitar nan kafin in hau mota. Tambaya ɗaya zan yi mata."

"Zulai, kada ki ja mini wani abin. Na riga na ba Inna magana."

"Ba kai za ka tambaya ba, ni ce. In ta ce haka ne, wallahi daga can sai Ose, ba zan ƙara cewa uffan ba."

Muka hau keke mai ƙafa uku, ana yayyafi. Ranar ganin marasa lafiyarta ce, muka bi layi. Da muka shiga ta gane ni, ta tambayi dalilin da ya sa na zo kafin ranata. Na zayyana mata komai, da Turanci da Burokin, wato gurɓataccen Turancin kasuwa, inda suka ƙare mini babanku ya cike da Ibo, kansa a sunkuye. Na kunna mata saƙon na fassara. Sannan na yi tambayata: ƙwayar nan ce ta hau ta zama wannan?

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce:

"Ban sani ba. Kuma duk wanda ya ce miki ya sani, ya wuce inda ilimi ya tsaya."

Na yi zaton likita ba ya cewa bai sani ba. Ta ce in saurara da kyau, don abu biyu ne aka haɗa mini wuri ɗaya. Cewa HPV na jawo sankarar bakin mahaifa, wannan tabbas ne, babu gardama, shi ya sa ake gwaji ake kuma riga-kafi. Amma batun nono daban ne. Wasu masu bincike sun ce sun ga alamar ƙwayar a cikin tsokar nonon da ya kamu, wasu sun duba ba su gani ba. Ko an gan ta ma, ganin mutum a gidan da aka yi sata bai sa ya zama ɓarawon ba. Ana kan nema, ba a kai ga hukunci ba. Ta ce ƙwayar takan yi shekaru a jiki shiru, mutum na iya samunta a aure na halal tun da daɗewa, ba mai iya cewa ga ranar da ta shigo. Sannan ta juya ga babanku.

"Oga, raise your head. Ba a kawo ka kotu ba."

Ya ɗaga kai. Idonsa ya yi ja, kuma na san ba albasa ba ce.

Ta dawo kaina ta ce yanzu bari ta faɗi abin da ta sani. Ta san mahaifiyata ta yi wannan ciwo, kuma wannan dalili ne sananne da ya sa dole a duba ni da wuri. Ta san allurar gwaji ba ta fusata daji. Ta tambaye ni yadda nonon mahaifiyata yake ranar da aka kai ta asibiti. Na gaya mata. Ta girgiza kai ta ce ba wuƙa ce ta kashe ta ba, jira ne. Ta ce ba za ta riƙe ni ba, jikina ne, in na zaɓi mota ga hanya, amma abin da yake kamar gurjiya yau ba zai tsaya jirana in dawo ba.

Na dubi babanku, ina jira ya yanke. Ya ce:

"Ni na ba da magana, ba zan janye ba. Amma ke ba ki ba kowa ba."

A rayuwata ba a taɓa ajiye mini magana a hannu haka ba. Daga hannun Inna na koma hannunsa, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Na tuna mahaifiyata zaune ita kaɗai a bayan ɗaki tana kore ƙuda da mafici. Na tuna da ke, Ummi, kina leƙen ɗakin da aka ajiye jakunkuna kina tambaya ko da ke za a tafi. Na ce wa likita a yi yau, kafin zuciyata ta sauya. Aka yi. Ban ji komai ba sai ɗan ƙara kamar an karya tsinke.

Muka iso Ose rana ta take, ruwa ya ɗauke, taɓo har idon sawu, masu baro suna ta ihun a ba su hanya. An gama lodi. Inna tana gaban mota, ta shimfiɗa mini zani a gefenta, ta ajiye gorar jiƙo a ƙafarta. Na hau matakalar na durƙusa a bakin ƙofa. Ban buɗe baki ba ta shaƙi warin asibiti a jikina. Ta sa hannu ƙarƙashin hijabina ta taɓa filasta. Ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi.

"Shi ya sa ki?"

"Ba shi ba ne, Inna. Ni ce. Ya ce ya ba ki magana ba zai janye ba."

"A kan gawar uwarki na yi alkawari, Zulai. Ni na wanke ta. Ke ba ki ga abin da na gani ba."

"Na sani, Inna. Alkawari kika yi kada in mutu irin mutuwarta. Shi nake so ki cika."

Ta ƙura mini ido. Na zaci za ta mare ni, da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ta leƙa ta taga ta kira yaran mota ta ce a sauke jakar yarinyar nan, ba da ita za a tafi ba. Babanku ya matso ya ce Inna ta sauko a koma gida a yi magana. Ba ta dube shi ba. Ta ce ba za ta zauna ta sake wanke irin wannan ɗinki ba, ido ɗaya ba ya ganin abu ɗaya sau biyu. Direba ya tada mota. Na tsaya cikin taɓo da jakata a gefe, ina kallon jarkokin manja suna rangaji har motar ta sha kwana.

Sakamako ya fito daji ne, amma bai yi nisa ba. Aka cire nonon hagu. Aka yi ta ƙara mini ruwan magani wata da watanni, gashina ya zube, harshena ya daina sanin gishiri. Ba zan ce muku abu ne mai sauƙi ba, akwai ranakun da na yi kuka ina kiran Inna kamar yarinya. Babanku ya bar rumfa a hannun abokinsa. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke wanke ku, shi ke tuƙa tuwo mai gudaji, Maman Chidi tana tsaye a kansa tana cewa ko akuya ba za ta ci wannan ba. A kasuwa suka sa masa suna Uwargida, ya amsa. Masu cewa shi ya kawo ciwon ba su daina ba, wasu ma cewa suke hidimar da yake yi ta mai laifi ce. Ya ji, ya ci gaba da ɗebo ruwansa. Yau likita ta ce ba ta ga komai ba, amma zan ci gaba da zuwa ana dubawa, sama da ƙasa, nono da bakin mahaifa. Duk ranar zuwa tsoro yakan dawo mini sabo, kuma duk da haka nakan je.

To ga abin da nake so ku riƙe. Idan aka ce muku babanku ne ya jawo, ku ce waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan binciken nan ba su ce haka ba, sun ce ba su gama sani ba. In wata rana suka gama, ko me suka gano, ba zai sauya wanda ya ɗebo ruwa ba. Ummi, idan shekarunki suka kai za a yi miki riga-kafin HPV, ni zan riƙe miki hannu. Saboda bakin mahaifa ne, inda aka tabbatar, ban yi miki alkawarin zai tsare nono ba. Nono kuwa, kakarki ta yi, uwarki ta yi, don haka ki san naki kamar yadda kika san tafin hannunki, kuma ranar da kika ji wani abu kada ki kwana da shi. Kuma kada ɗayanku ya kuskura ya zagi Inna Kande. Abin da ta gani da idonta ta yi aiki da shi, kuma so ne ya sa.

Tun ranar ba ta ɗauki wayata ba. In na kira ta wayar maƙwabta sai a ce ta fita, alhali ina jin tarinta. Da azumin da ya wuce motar albasa ta zo, direban nan ya aiko wa babanku wani ƙulli, ya ce daga gida, ba saƙon baki. Na zaci sassaƙe ne. Na kwance, sai ga kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. A ƙasansu akwai wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwalinta. Ɗan matashi ne na farin yadi mai laushi, an cusa masa auduga, an ɗinke shi da hannu, zagaye, da ɗan tudu a gaba. Na juya shi ban gane ba. Sai na ga ɗinkin, ƙanana ƙanana a jere, irin wanda take yi wa rigunan jarirai. Da allura ta yi shi, ɗaya daga cikin nawa da ta tafi da su a gefen zani.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na sa shi a gefen hagu na rigar nono, na tsaya gaban madubi. Ita ta yi mini wankan jego sau biyu, ta san jikina fiye da ni. Bai fi na dama ba, bai gaza ba.

Na wanke shi ya fi a ƙirga, har yau yana ɗan warin albasa. Yana jikina yanzu da nake rubuta muku wannan.